Duniyoyin da Ke Lugude: Tambayoyi da Amsoshi kan Rezonans a Kewayen Wasu Taurari

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban lissafi da fiziks a Jos suka fi yawan kawowa idan aka taɓo maganar duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, waɗanda adadin da aka tabbatar ya kai 6,000 a 2025. Duk lissafin da ke nan ana iya bin sa da kalkuletar waya, kuma muna so a bi shi.

Mene ne rezonans na falaki?

Falaki shi ne hanyar da duniya take bi ta kewaye tauraronta, kuma kowace tana da tsawon lokacin zagayenta. Idan ta ciki tana yin zagaye biyu a lokacin da ta waje ta yi ɗaya, ko uku a biyu, ko huɗu a uku, ana rubuta shi 2:1, 3:2, 4:3.

Muhimmancin abin yana wurin haɗuwa ne. Duniyoyi suna jan juna, kuma jan ya fi ƙarfi sa'ad da ta ciki ta cimma ta waje suka jeru a gefe ɗaya na tauraron. Idan lokutansu ba su da alaƙa, yau su jeru a nan, gobe a can, jan wannan karo ya soke na wancan. Idan kuwa 2:1 ne, a wuri ɗaya suke ta jeruwa, ja ɗaya ta fuska ɗaya ana ta maimaita shi har ƙaramin abu ya taru ya yi tasiri. Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude ya ga hoton abin: taɓarya uku, turmi ɗaya, ba sa karo, kuma idan ɗaya ta ɗan yi gaggawa, amon sauran yana dawo da ita kan layi. Wannan dawowar ita ce zuciyar rezonans.

Neptun yana zagaye Rana a shekara 165, Fuluto a 248, wato 3:2. Daga 1979 zuwa 1999 Fuluto ya fi Neptun kusa da Rana, amma ba sa taɓa kusantar juna, domin a duk lokacin da suka jeru Fuluto yana can ɓangaren falakinsa mai nisa.

Daga Jos akwai misalin da mutum zai gani da idonsa?

Akwai, a watannin Jupita. Io yana zagaye a kwana 1.769, Europa a 3.551, Ganymede a 7.155, wato 1:2:4, abin da ake kira rezonans ɗin Laplace. Saboda ƙullin da ke tsakaninsu, ukun ba sa taɓa jeruwa gaba ɗaya a gefe ɗaya na Jupita.

A samu madubin hangen nesa mai ido biyu na 10×50 a ɗaure shi a kan ƙafa uku, ko ƙaramin teleskof. A zana Jupita da ɗigon kowane wata a takarda, a auna nisansu da faɗin Jupita, a rubuta lokaci, a ci gaba na mako biyu zuwa uku. Tudun Jos ya kai tsayin mita 1,200, abin da ke taimakawa, amma gajimaren damina da hazon hunturu sukan cinye yawancin darare. Tsakanin ɗaukewar ruwa da kaurin hazo, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya fi dacewa idan Jupita yana sama a lokacin. Kuskuren da aka fi yi shi ne duba sau ɗaya a dare a sa'a ɗaya. Zagayen Io bai kai kwana biyu ba, don haka mai duba shi duk bayan awa 24 zai lissafo kwana 2.3, lambar da ba ta da tushe. Maganinta a duba sau biyu a dare, da tazarar awa uku ko huɗu.

Waɗanne taurari ne aka san duniyoyinsu suna cikin rezonans?

Gliese 876, jan tauraro ƙarami mai nisan shekarar haske 15 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya a shekara ɗaya), shi ya buɗe ƙofa. A 1998 aka gano babbar duniya mai zagayen kwana 61, a 2001 aka samu ta biyu mai kwana 30, a 2010 wata mai kwana 124. Ga 1:2:4 irin na watannin Jupita, amma da manyan duniyoyi.

Kepler-223 yana da huɗu: kwana 7.38, 9.85, 14.79 da 19.73. A cikin kwana 59 ta farko ta yi zagaye 8, ta biyu 6, ta uku 4, ta huɗu 3. TOI-178 yana da shida, biyar na waje a sarƙar 18:9:6:4:3, ta ciki kuwa ta fita daga sahu. HD 110067, wanda aka sanar a Nuwamban 2023, shida ne duka a sarƙa: kwana 9.11, 13.67, 20.52, 30.79, 41.06 da 54.77, wato 3:2 sau uku, sannan 4:3 sau biyu. Ta ciki tana yin shida a zagaye ɗaya na ta ƙarshe.

Amma wanda aka fi sani shi ne TRAPPIST-1, mai nisan shekarar haske 40, wanda tawagar Michaël Gillon ta jami'ar Liège a Beljiyam ta sanar da duniyoyinsa bakwai a Fabrairun 2017. Tauraron bai kai kashi 10 cikin ɗari na nauyin Rana ba, kuma dukan bakwai ɗin sun fi Makyuri kusa da tauraronsu nesa ba kusa ba. Ana kiransu da haruffa, zagayensu daga b ta ciki zuwa h ta waje: kwana 1.51, 2.42, 4.05, 6.10, 9.21, 12.35 da 18.77, a sarƙar 24:15:9:6:4:3:2.

Idan na raba lokutan biyu na samu 1.5 ko 2, shi ke nan suna cikin rezonans?

A'a, kuma nan ne aka fi zamewa. Zagayen duniyarmu kwana 365.26 ne, na Zahra 224.70. A raba: 1.6255, ga 13:8 kuwa 1.625. Kusanci kamar an auna, amma babu ƙulli tsakaninsu. Duk lambobi biyu da aka ɗauka, ba a rasa wani rabo da ya kusance su. Ƙarfin rezonans yana raguwa sosai gwargwadon tazarar lambobin biyu: 2:1 da 3:2 tazararsu ɗaya ce, su ne masu ƙarfi, 13:8 tazararsa biyar, a falaki mai kusan da'ira jansa ba ya riƙe komai. Jupita da Satun ma suna dab da 5:2, suna jan juna gaba da baya a tsawon kusan shekara 900, amma ba a ƙulle suke ba.

Akwai kuma akasin haka. A Gliese 876, 61.1 a raba da 30.1 ya ba da 2.03, bai cika 2 daidai ba, duk da haka a ƙulle suke tamau. Dalili shi ne falakan kansu suna juyawa baya da kusan digiri 40 a shekara, wurin jeruwa yana bin su.

Hujja ta gaskiya wata kusurwa ce. Ga 2:1 ana lissafa φ = 2λ₂ − λ₁ − ϖ, inda λ₁ da λ₂ suke matsayin ta ciki da ta waje a falakansu, a digiri, ϖ kuma fuskar wurin da ɗayarsu ta fi kusantar tauraro. A lura da cewa a lokacin jeruwa λ₁ da λ₂ ɗaya ne, sai φ ta zama nisan wurin jeruwa daga wurin kusantar. Idan aka bi φ tsawon lokaci aka ga tana kai-komo a kewayen wata lamba, kamar 0 ko 180, rezonans ne. Idan tana ratsa dukan digiri 360 tana maimaitawa, kusanci ne kawai. Ga 3:2, φ = 3λ₂ − 2λ₁ − ϖ.

Da gaske an lissafo zagayen wata duniya kafin a auna shi?

Da gaske. Da farko giftawa ɗaya tak, wato wucewar duniya ta gaban tauraronta, aka gani ta TRAPPIST-1h, kuma giftawa ɗaya ba ta ba da tsawon zagaye. Rodrigo Luger da abokan aikinsa suka lura cewa duniyoyin na ciki a ƙulle suke uku-uku. A gwada da e, f da g: 1/6.101 − 3/9.2075 + 2/12.352 ya fito sifili har gurbi huɗu bayan ɗigo. Suka ce to f, g da h ma haka za su kasance, suka fitar da 'yan lambobin da za su yiwu, tsofaffin awo suka kore duka sai ɗaya: 1/P = 2/12.353 − 1/9.207, wato 0.16190 − 0.10861 = 0.05329, P, tsawon zagayen h, ya zama kwana 18.77. Da teleskof ɗin Kepler ya kalli tauraron, a 2017 aka samu h a nan ɗin.

Wannan ya warware wani abu da mai lura zai gani. A ninka kowane zagaye da lambarsa ta sarƙa: b ta ba da kwana 36.2, d 36.5, f 36.8, h 37.5. Ba daidai suke ba, kowace ta ɗan fi ta cikinta buɗewa. Ƙullin uku-uku ba ya buƙatar rabon biyu-biyu ya cika cif, shi ya sa yake tsira ko da sarƙar ta ɗan miƙe.

Ta yaya duniyoyi ke shiga wannan ƙulli tun farko?

Ta ƙaura. Sabon tauraro yana da faifan gas da ƙura a kewayensa na 'yan shekaru miliyan. Duniyar da ta ginu a ciki tana tayar da igiya a gas ɗin, igiyar tana janta, yawanci ta riƙa gangarowa wajen tauraro. Peter Goldreich da Scott Tremaine sun yi lissafin wannan tun 1980, shekara 15 kafin a gano 51 Pegasi b, duniya ta farko da aka samu tana kewaya wani tauraro irin Rana. Idan ta farko ta iso bakin faifan na ciki, inda gas ya ƙare, sai ta tsaya. Ta biyu ta biyo ta, tazara tana raguwa har ta kai 2:1 ko 3:2 ta maƙale. Ta uku ta zo ta maƙale da ta biyu, sarƙa ta haɗu.

Sharuɗɗa biyu ne. Dole falakan su kasance suna matsowa kusa da juna. Idan nisanta suke yi, sai dai su tsallake rezonans su sha bugu, falakansu su miƙe, ba sa kamuwa. Dole kuma matsowar ta zama a hankali. Mai sauri tana wuce 2:1 ta faɗa 3:2 ko 4:3, kuma ƙananan duniyoyi sun fi yin haka domin rezonans ɗinsu siriri ne. Saboda haka lambobin sarƙa labari ne na yadda faifan ya kasance, faifan da ya watse tun shekaru biliyoyi. A ganinmu wannan shi ne abu mafi daraja da rezonans yake bayarwa.

To me ya sa yawancin duniyoyin da aka gano ba sa cikinsa?

Teleskof ɗin Kepler, wanda ya yi aiki daga 2009 zuwa 2018, ya nuna cewa mafi yawan duniyoyi maƙwabta ba sa kusa da kowane rezonans. Ya kuma nuna wani abu mai ɗaukar hankali: sun ɗan taru kaɗan sama da 1.5 da 2.0, sun yi ƙaranci kaɗan ƙasa da su.

Bayanin da ya fi samun karɓuwa shi ne sarƙoƙin suna ƙulluwa, daga baya su tsinke. Muddin gas yana nan, yana danne miƙewar falaki. Da ya watse, miƙewa ta ƙaru, falakai su fara ratsa juna, wasu duniyoyi su yi karo su haɗe, waɗanda suka rage su zauna da tazara mai faɗi. André Izidoro da abokansa sun nuna a 2017 cewa kwaikwayon kwamfuta yana dacewa da abin da Kepler ya gani idan kusan kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na sarƙoƙi sun tsinke. Taruwar da ke sama da 1.5 da 2.0 kuwa, wasu suna danganta ta da matsar da tauraro ke yi wa duniya ta ciki, wanda ke buɗe tazara a hankali, wasu da bugun tarkacen duwatsun da suka rage.

Manyan duniyoyi rikicinsu ya fi muni, domin maimakon karo sukan yi jifa da juna. Ana danganta falakai masu tsananin miƙewa da irin wannan. HD 80606 b miƙewarta 0.93 ce a ma'aunin da 0 ke nufin cikakkiyar da'ira. Tauraro HD 43197, wanda Najeriya ta raɗa wa suna Amadioha a 2019, duniyarsa Equiano ma miƙewarta ta haura 0.7.

Yaya ake auna nauyin duniya da lokacin giftawarta?

Duniyar da ba ta da maƙwabciya tana gifta gaban tauraronta a kan kari, haske ya ɗan ragu, kamar agogo. Mai maƙwabciya kusa da rezonans kuwa wani lokaci ta riga lokaci, wani lokaci ta makara. Ana kiran hanyar TTV, wato sauyin lokacin giftawa. An ba da shawararta a 2005, aka fara ganin ta sarai a Kepler-9 a 2010. Kepler-88 b tana kaucewa da kusan awa 12, kuma daga wannan aka gano babbar maƙwabciyarta da ba ta giftawa ko kaɗan.

Ana rubuta tsakiyar lokacin kowace giftawa da lambarta, a ja miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da su, a cire layin daga awon. Abin da ya rage yakan fito kamar igiya. Tsawon igiyar ana lissafa shi tun kafin a gani: ga kusa da 2:1, a ɗauki bambancin 2/P₂ da 1/P₁, inda P₁ da P₂ suke tsawon zagayen ta ciki da ta waje, a raba 1 da shi. Kepler-18 c da d suna da kwana 7.64 da 14.86: 0.1346 − 0.1309 = 0.0037, igiyar kusan kwana 270. Idan igiyar da aka gani ta dace da wannan, kuma sa'ad da ɗaya ta riga lokaci ɗayar tana makara, to jan juna ne. Tsayin igiyar kowace yana nuna nauyin ɗayar. Da haka Eric Agol da tawagarsa suka auna nauyin duniyoyin TRAPPIST-1 a 2021, daga lokutan giftawa 447, da kuskuren kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari.

Wuraren da aiki ke lalacewa sanannu ne. Idan tsawon awon bai kai tsawon igiyar ba, layin yana haɗiye rabin igiyar, a samu zagaye mara daidai da nauyi mara daidai. Duniya mara nauyi mai ɗan miƙaƙƙen falaki tana iya ba da igiya irin ta mai nauyi a da'ira. Abin da ke raba su shi ne ƙananan tsalle-tsallen da ake gani a kowace jeruwa, kuma ganinsu na buƙatar awo mai kaifi. Tabon tauraro yana karkatar da siffar giftawa ya matsar da tsakiyarta. Sai agogo: dole a mayar da kowane lokaci zuwa BJD, wato lokacin da hasken zai isa tsakiyar tsarin Rana, a ma'aunin TDB, agogon lissafin falaki, domin zagayen duniyarmu kaɗai yana sa haske ya riga ko ya makara da minti 8, kuma UTC, agogon da duniya ke aiki da shi, yana bayan TDB da daƙiƙa 69. Mai awo daga Najeriya ya fara cire awa ɗaya daga agogonsa. A ƙarshe, lissafin igiyar nan na waɗanda ke kusa da rezonans ne. Waɗanda ke cikinsa sai an yi musu cikakken kwaikwayo.

Rezonans kariya ne ko haɗari?

Ɗaya shi kaɗai, mai ƙaramin kai-komo, yakan kare. HR 8799 yana da ƙattai huɗu, kowace ta ninka Jupita nauyi sau da yawa, waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye a 2008 da 2010. Kwaikwayo yana nuna za su watse da wuri sai idan suna ƙulle kusa da 1:2:4:8. Haɗarin yana zuwa ne idan rezonans biyu suka hau kan juna, duniya ta rasa wanda za ta bi, tafiyarta ta hargitse. Kepler-36 b da c, masu kwana 13.84 da 16.24, suna dab da 7:6, kuma ƙaramin kuskure a matsayinsu yana ninkuwa cikin kusan shekara 10.

Ma'aunin farko da ake gwadawa shi ne nisan Hill. A haɗa nauyin duniyoyin biyu, a raba da ninki uku na nauyin tauraro, a ɗauki tushe na uku, a ninka da matsakaicin nisansu daga tauraro. Biyu masu nauyin duniyarmu a nisan AU ɗaya daga tauraro irin Rana, wato kilomita miliyan 150, sun ba da AU 0.0126. Brett Gladman ya nuna a 1993 cewa duniyoyi biyu masu falakin da'ira ba sa karo idan tazararsu ta wuce wannan sau 3.46. Ga uku ko fiye babu irin wannan iyaka. Sai tazara ta kai wajen sau 10 kafin a sa ran shekaru biliyoyi.

Wannan yana da alaƙa da rayuwa?

Ta fuskar zafi. Rezonans ba ya barin falaki ya zama cikakkiyar da'ira, don haka jikin duniya yana shan matsa da saki a kowane zagaye, cikinta ya yi zafi. Shi ya sa Io ke cike da duwatsu masu aman wuta, abin da Stanton Peale da abokansa suka hango a 1979 'yan kwanaki kafin kumbon Voyager 1 ya isa Jupita, kuma shi ke taimaka wa tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Europa. Ana lissafa irin wannan zafi ga duniyoyin ciki na TRAPPIST-1.

Zan iya gwada wannan a kwamfutata?

Ƙwarai. REBOUND, shirin kwamfuta na kwaikwayon tafiyar duniyoyi, wanda Hanno Rein ya jagoranci rubutawa, kyauta ne, yana aiki da Python a laftof na yau da kullum. Lambobin duniyoyi suna NASA Exoplanet Archive. A saita ma'auni zuwa kwana, AU da nauyin Rana. Nauyin duniyarmu 0.000003 ne a nan, na Jupita 0.00095. A sa tauraro, a sa duniyoyi daga ciki zuwa waje, a kira move_to_com don kada tsarin ya riƙa tafiya gefe. A zaɓi hanyar lissafi ta WHFast, a sa taku bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na zagaye mafi gajarta ba. Ga TRAPPIST-1 kwana 0.075 ke nan, shekara miliyan ɗaya kuma taku kusan biliyan 5, don haka a fara da duniyoyi biyu da shekara 10,000.

Kusurwoyi a radiyan ake shigar da su, ba a digiri ba. WHFast ba ya jure kusantar juna sosai. Idan haka ta faru a koma hanyar lissafi ta IAS15. A riƙa duba jimlar kuzarin tsarin, idan tana ta gudu gefe ɗaya takun ya yi girma. Idan φ tana kai-komo a kewayen 0 aka zana ta daga 0 zuwa 360, za ta fito kamar tana tsalle sama da ƙasa. A zana daga −180 zuwa 180. Ma'aunin MEGNO yana tsayawa a 2 idan tafiya lafiya take, ya yi ta hawa idan ta hargitse. Aiki mai tsawo a riƙa adana shi da Simulationarchive, don idan aka ɗauke wuta a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kada a yi mamaki idan an kwafi lambobin tebur tsarin ya watse. Haka ta faru da lambobin farko na TRAPPIST-1, suka watse cikin ƙasa da shekara miliyan ɗaya, alhali tauraron ya haura shekara biliyan 7. Ɗan kuskuren awo ya isa ya fitar da duniya daga siririn ƙullinta. Daniel Tamayo da abokansa sun warware wannan a 2017 ta hanyar gina sarƙar da ƙaura, kuma haka muke ba da shawara a yi: a fara da duniyoyi biyu a rabon 2.1, a yi amfani da REBOUNDx, ƙarin da ake haɗawa da REBOUND, a sa ta waje ta riƙa gangarowa a hankali, a sa danne miƙewa ya fi ƙaura sauri kusan sau 100, a bi φ har ta daina zagayawa ta koma kai-komo. Sannan a rage ƙaurar sannu a hankali har ta tsaya, domin kashe ta lokaci guda yana girgiza ƙullin. Bayan nan a ƙara ta uku.